Kwarin da Ke Kai Wa Baba Ƙwallo

"Lafiya lau na kwana, amarya, sai dai ganinki da shebur tun da safe. Wa ya mutu?"

"Ciyawarka ce ta mutu, tsoho. Jana'iza na zo."

"Ta roba ce, ba ta mutuwa. Kuɗin makarantarki dai sun tafi a banza."

Ina shanya a bayan gida suka fara. Baba ne, mahaifina, da jikarsa, 'yar yayana, wadda ke aikin magudanan ruwa a wani kamfanin gine-gine. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa Baba hannunsa na dama ke rawa, likita ya ce a samo masa abin da zai riƙa motsa shi. Shi ne Yaya ya sa aka shimfiɗa masa ciyawar roba da ɗan rami a ƙarshenta, yana tura ƙwallon golf da sanda. Masu aikin kuwa, Allah ya shirye su, a kan laka zalla suka shimfiɗa abarsu suka kama gabansu. Da an yi ruwa sai wurin ya koma katifar jariri, ka taka ka ji caɓal. Jiya Baba ya zame, da ƙyar na tare shi. Yaya ya ce ko a gyara ta ko a naɗe ta a kai bola.

Yarinyar ta ɗaga gefen ciyawar ta luma yatsa a ƙasa.

"Ka gani? Laka ba ta shan ruwa, riƙe shi take yi. Sai an kwashe ta, a zuba tsakuwa, a kwantar da bututu mai huji-huji ya kai ruwan kwata, sannan a bi da yashi a daddaɓe."

"Duk wannan don ruwan da bai cika buta ba?"

"Buta? Kwaɗo na gani a raminka yana tambayar kuɗin haya."

"Ɗan kallo ne. Daga nesa yake zuwa ganin gwani."

"Gwanin zamewa ba."

"Salon bugu ne, ba zamewa ba. Ke ina kika san wasan manya? Ranar da aka haife ki kanki ya fi ƙwallon nan santsi, ni na roƙa kar a mayar da ke."

"Ai ga shi ka ari santsin ba ka dawo da shi ba. Cire hular mu gani."

"Matsa dai ki sha kallo."

Ya gyara tsayuwa, sandar na karkarwa a hannunsa, ya buga. Ƙwallon ta yi hagu kamar za ta gidan maƙwabta, sai ta lanƙwaso a hankali ta faɗa rami. Ya sake, ta sake shiga.

"To, mai shebur, me kika ce?"

Ta durƙusa, ta kwantar da kumatu kusa da ciyawar, ta kanne ido ɗaya.

"Ikon Allah. Me ke juyo da ita? Ba ni ƙwallon nan."

Ta ajiye ta, ta ɗan taɓa ta da gefen takalmi ba tare da ta ko dubi ramin ba. Ƙwallon ta bi hanyar ɗazu ta shige. Sai ta ɗauki bokitin ɗaurayata, ko izini babu, ta tuttular. Ruwan ma hanyar ya bi.

"Goggo, zo ki gani! Lakar ce ta jiƙa ta zauna, ta yi kwari har bakin ramin. Tsoho, ashe ɗan aike gare ka a ƙarƙashin ƙasa! Ko kaza ce ta taka ƙwallon nan sai ta ci."

Dariya take yi, ni kuwa kunya ta rufe ni. Ni ce fa na bi dangi a waya ina shelar hannun Baba ya warke.

Baba ya dogara da sandar.

"Kin zaci ban sani ba? Cokali faɗuwa yake daga hannuna. Maɓallin rigata sai goggonki ta sa mini. A duk gidan nan, nan ne kaɗai nake aika abu ya je inda na aike shi."

Dariyar ta ɗauke. Wallahi sai da na juya ina gyara zanen da ba ya buƙatar gyara.

"Kaka, in na gyara, kwarin zai tafi."

"Shi ya sa nake so ki mayar wa kamfaninku da sheburinsu."

"In ban gyara ba kuma Babana zai naɗe ta."

Ta ciro ƙwallon daga ramin tana juya ta a tafin hannu, sannan ta taka zuwa gefen katanga, inda ƙasar ta fi tudu kuma a bushe take, ta ajiye ta.

"Ni dai akwai abin da nake son sani. Daga nan babu kwari. Ina za ta je?"

"Ba na buga wa matar da ta zo gaishe ni hannu rabbana."

"Tsoro kake ji, ango?"

"Ni? Lokacin da nake tsoro ubanki ko wando bai fara sawa ba."

Ya je. Ya daɗe a tsaye yana kallon hannunsa, har na buɗe baki zan ce a bari. Sai ya buga. Ƙwallon ta miƙe sak, ba hagu ba dama, ta yi ta tafiya, ta zo dab da bakin ramin ta tsaya. Tsakaninsu bai fi faɗin yatsa ba.

"Ba ta shiga ba," in ji ta a hankali.

Baba ya dubi ƙwallon, ya dubi hannunsa, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Ba ta shiga ba! Kin ga yadda ta miƙe kuwa? Wannan tawa ce, amarya. Ni na ɓarar da ita da hannuna, laka ba ta sa mini baki ba."

Ya laluba aljihu ya ciro safar hannunsa ta wasa, ya cilla mata.

"Sa wannan kar hannun ya yi kanta a ce ni na wahalar da ke. Haƙa, mummuna. Gobe da safe ina da ƙwallon da zan ɓarar."