Rasuwar Beryl, Motar da Jirginta Ya Ja Cikin Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Merv Pascoe nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da duk masu kamun kifi na garin Darwin rasuwar motata a-kori-kura, Beryl. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce da la'asar a gangaren sauke jirage na rafin bayan unguwarmu, a gaban jama'a, fitilunta a kunne.

Marigayiyar ta girmi 'yata ta fari. Mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Kowace asubar Asabar in na murɗa makulli sai ta ce "kyar-kyar-kyar" kamar ba za ta tashi ba, sannan ta ce "gurrum", mu kama hanya tana jan 'yar tirela ɗauke da jirgin ruwa a baya. Ba ta taɓa ƙyamar ƙarnin kifi ba. Ita ta kwashe kayan aminina Kel Doolan ranar da matarsa ta watso masa su waje, a bayanta kuma ya kwana har ya samu ɗaki. Ina so a riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ciwonta ɗaya ne: birkin hannunta ya tsufa. Maganinsa waigi ne na katako da mahaifina ya sassaƙa. Duk wanda ya san ni ya san tsarina a gangare. In yi ribas da tirela cikin ruwa, in ja birki, in cusa waigi bayan taya, sannan in gangara in maƙala wa hancin jirgi ƙugiya, Kel kuma yana ciki yana tuƙo shi kan tirela. Haka muke yi tun gashin kanmu yana baƙi.

Ranar ajali ruwa ya janye sosai, ƙasan gangaren duk gansakuka, santsi kamar miyar kuɓewa. Na leƙa bayan mota, babu waigi. Na ɗaga murya na tambayi Kel. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Mutumina, ban gan shi ba. Yi sauri, layi ya yi tsawo." Gaskiya ne layin ya yi tsawo, wani mai jar hula yana ta danna hon kamar gidansa ke gobara. Sai na shafa ƙofar Beryl na roƙe ta ta daure na minti biyu, na gangara.

Ta daure kuwa. Na maƙala ƙugiya, na fara naɗe igiya. Jirgin ya hau a karkace. Abin da ya kamata Kel ya yi shi ne ya ce mini in kwance ƙugiyar tukuna. Ina! Ya sa injin jirgi a ribas, ya ba shi wuta iya wuta, jirgin yana ɗaure da tirela, tirela tana ɗaure da Beryl.

Jirgin da ta goya duk rayuwarsa, shi ya ja ta. Ta ce "ƙiii", ta taho da baya a hankali, da mutuncinta, ta wuce ta gefena har madubinta ya gogi kafaɗata. Ruwa ya shiga ta taga. Honta ya yi kuka da kansa, dogon kuka, sannan ya koma "bul-bul". Waifa ta share gilashi sau biyu a ƙarƙashin ruwa, ta tsaya. Ba wanda ya shiga ceto, saboda kadan da ke kwana a bakin rafin ya riga ya ɗago ido yana kallo. Ban ga laifinsu a nan ba. Laifin da na gani shi ne wayoyin da aka ɗaga sama ana ɗauka, har da masu neman in ɗan matsa na tare musu.

Kel kuwa abin da ya fara runguma shi ne kular kifi.

Bayan motar janwe ta fito da gawar, taɓo na zuba daga bakinta, na hau jirgin in kwashe kaya. Nan na ga waigin, a ƙarƙashin kujerar Kel, duk sawun wuƙa da ɓawon kifi. Ashe tun safe ya ɗauke shi yana yanka koto a kai. Lokacin da yake ce mini bai gan shi ba, ƙafarsa na kansa. Da na nuna masa, sai ya sosa ƙeya ya ce shi fa ya ɗauka wani katako ne kawai, kuma dai motar ta tsufa. Wallahi nutsewar ba ta ƙona mini rai kamar wannan maganar ba.

Marigayiyar ta bar ni, ta bar tirela mai karyayyen wuya, da karenmu Dizal wanda har yau yake kwana a wurin da take tsayawa. Ta bar matata Raelene, wadda ban ga hawayenta ba, sai dai na ji ta tana gaya wa ƙanwarta cewa gareji ya yi fili. Ta bar jirgin, lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane bai yi ba. Na lulluɓe shi da tamfol, ba na son ganin fuskarsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da asuba, lokacin da muka saba fita. Za a ɗauko ta daga gida, a bi ta gaban gangaren ba tare da an tsaya ba, a kai ta wurin masu gwangwan. Za a gasa tsiran nama a gida bayan an dawo. Kada a kawo furanni, kada kuma kowa ya nuna mini bidiyon, na san ya kai har can birnin Perth.

Na ware wa Kel wuri a gaba, kusa da ni, don na yi niyyar in ya zo ya tsaya a kanta ya ce ya yi kuskure, magana ta wuce. Jiya ya aiko cewa ba zai samu zuwa ba, ruwa zai yi kyau don kamun kifi ranar. Ya kuma tambaya ko zan ara masa jirgin, tunda ni ba ni da abin jansa.

A wurin nasa zan ajiye waigin.