Askin Kumar

Ni na san askin gidan yari, don an taɓa yi mini. Shi ya sa ban tsaya tambaya ba.

Shekarar Olamfik ce, 'yan sandan Guangzhou, birnin da muke kasuwanci a ƙasar Sin, suna kwasar duk wanda bizarsa ta ƙare. Sai Kumar, Ba'indiyen da ke haɗa mana kwantena, ya ɓace. Da ya dawo, kansa ƙwal, ya rame, yana ɗingishi. Na bi 'yan Kano ɗaya bayan ɗaya a kasuwar Canaan, na ce kowa ya janye kayansa daga hannun Kumar, idon hukuma yana kan mutumin nan. Suka janye.

Sannan na dafa kafaɗarsa. "Kada ka ji kunya, ni ma na kwana can."

Ya washe baki. "Kai ma ka hau dutsen?"

Ashe ziyarar ibada ya je ƙasarsu, wani kogo a ƙwanƙolin dutse. Ya hau ba takalmi, ya ba da gashinsa saboda 'yarsa ta warke.

Da kaina na yi dakon kayan na mayar masa. Maƙwabcina Alhaji Sani yana kallo ya ce, "Kai da aka yi wa ƙwal a Mina?"

Har yau duk wanda ya fito daga wurin wanzami sai ya leƙo ni: "Alhaji, an sako ni."