Hayar Suna

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar da na miƙe tsaye a tsakar gidan Asabe a Ɗansoshiya, na gyara mayafi, na yi gyaran murya. Da tari ne ya sarƙe ni a lokacin, da an ba ni ruwa na sha na zauna, kowa ya huta. To, bai sarƙe ni ba. Muryar ta fito tas, kamar yadda ta saba.

Ni tsohuwa ce a Ƙofa. Ban taɓa shiga aji ba, baƙin boko kuwa duk ƙafar kaza ne a idona. Amma Allah ya ba ni baki. Jikoki sun tashi a kan tatsuniyata, matan unguwa in sun yi faɗa wurina suke kawowa, kuma in na yi gyaran murya a taro, har mai daka takan dakata da taɓarya. Mutum ya daɗe ana yi masa shiru in zai yi magana, a hankali sai ya ɗauka duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Wannan ciwon shi ya kama ni, ban sani ba.

Ina da jika, 'yar babban ɗana, wadda aka sa wa sunana. Ni takwara nake ce mata, ita kuma Iya. Ta yi karatun kwamfuta a Kano, ta dawo, ta yi aure nan kusa, ta buɗe ɗan shago a bakin titi, da sola a kan rufi da fankar da ke juyawa in ta ga dama. Sana'arta ita ce ta yi wa masu fasaha shafi a intanet: 'yan wasan kwaikwayo na Tudun Wada, wasu makaɗa daga Doguwa, masu zanen ƙwarya, duk wanda ke da abin nunawa amma ba shi da inda zai nuna. Ita ke ɗaukar musu hoto, ta rubuta musu bayani, ta amsa musu saƙon baƙi. (Na taɓa tambayarta mene ne shafin, ta ce kamar kasuwa ce wadda ba ta tashi. Na gyaɗa kai kamar na gane. Gyaɗa kai ba ya cin kuɗi.)

Cikin duk masu zuwa wurinta, ba waɗanda take ji da su kamar Matan Gindin Tsamiya. Ƙungiya ce ta mata masu saƙar faifai da tabarma, suna saƙa suna waƙa, Asabe ce shugabarsu. Sunan kuwa marigayiya uwar Asabe ce ta raɗa shi, tun suna zama gindin wata tsamiya a bayan gari suna tsagar kaba. Na san uwar, tare muka yi tallar daddawa muna 'yan mata. Takwara ta yi musu shafi da wannan suna, ta sa aka buga musu 'yan ƙyallaye masu ɗauke da adireshin, suna ɗinkawa a bayan kowane faifai. Kafin shekara ta zagayo, ana kiransu daga Kaduna, ana kiransu daga Abuja, har wasu masu shirya baje kolin kayan gargajiya suka ce za su gayyace su bayan kaka.

Wata rana ina zaune a shagon ina ɓarar gyaɗa, don nakan je in sha iskar fankar nan, sai na ji takwara a waya da Asabe. Tana ce mata sunansu ya kusa ƙarewa. Wai haya ne, shekara-shekara ake sabuntawa, in aka bari ya faɗi wani zai iya ɗauka, kuma ko ita ba za ta iya ƙwato shi ba.

Gyaɗar hannuna ta tsaya. Suna ya ƙare? Suna haya? Sunan da ƙawata ta raɗa da bakinta, tana kabari, shi ne jikata za ta ba 'yarta haya? Nan take na tuna da wasu masu manyan riguna da suka taɓa zuwa garinmu, suka ɗauki hotunan mutane da alƙawarin taki, daga ranar ba a sake ganin ƙeyarsu ba. Na ce a raina, wayyo, birni ya koya wa yarinyar nan cin mutane da murmushi.

Tana nan zaune gabana, tsakaninmu bai fi tabarma ɗaya ba. Tambaya ɗaya ta isa. Amma wadda ake kawo wa ƙara, ina ta ga tambayar jika? Na tattara gyaɗata na tafi gida, na ajiye maganar a ciki tana tsima kamar kalwa.

Ba a jima ba matan suka shirya 'yar walima ta cikar shekara, suka ce lallai takwara ta zo da ni. Muka shiga ƙaramar bas har Yako, daga nan muka hau babur. An yi dambu, an yi kunun tsamiya, an shimfiɗa mini sabuwar tabarma ni kaɗai. Da aka ci aka sha, takwara ta buɗe kwamfutarta a kan turmi da aka kifa, tana nuna musu hotunansu, suna ta dariya suna tsokanar wadda ta fito da baki buɗe. Sannan ta sauko kan maganar sabunta suna.

A nan na miƙe.

Ban fara da faɗa ba, ai ni gwana ce. Da labari na fara. Na ba su labarin wani baƙo da ya sauka a wani gari da rani, ya ce wa mutane inuwarsu ta kusa ƙarewa, kowa ya kawo tsaba a sabunta masa. (A tsaye na ƙirƙire shi, kuma wallahi ya yi daɗi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan har yau.) Mata suka yi tsit. Da na ga na kama su, sai na juyo.

Na ce, “Suna ba rumfa ba ne da za a ba da shi haya. Rago ake yankawa, a raɗa, shi ke nan har kabari. Ga ta nan, sunana ne a kanta, ta faɗa muku nawa na karɓa. Kada wadda ta kwance bakin zaninta a kan sunan da uwarku ta bar muku.”

Takwara ta ɗago kai, a hankali ta ce, “Iya, ba haka ba ne.”

Na ce, “Yi mini shiru, manya na magana.”

Tarbiyyar da ni na ba ta, ita ta ɗaure mata baki. Ban tsaya nan ba, sai da na roƙa mata gafara a wurinsu, na ce ƙuruciya ce da zaman birni, su yafe mata albarkacina. Mata suna ta cewa gaskiya ne Iya, Allah ya ƙara girma. Wata ma har da share hawaye. Takwara ta rufe kwamfutar, ta sa a jaka. A hanyar dawowa ita ta riƙe ni na hau babur, ita ta gyara mini zani. Ni kuwa ina jin kaina kamar wadda ta tsamo yaro daga rijiya.

Daga baya na ji ta koma wurin Asabe ita kaɗai, ta ce ta yarda ta sabunta musu daga aljihunta. Wannan ma sai ya ƙara musu zargi, suka ce mai gaskiya ba ya saurin yafe haƙƙinsa. Asabe ta haɗa ta da Allah ta cire hannunta daga sunansu, ta karɓi lambar sirrin shafin ta ba ɗanta ya ajiye. Magana kuwa ba ta da ƙafa amma ta fi babur sauri. A kasuwa aka fara ce wa takwara mai hayar suna. 'Yan wasan Tudun Wada, da suka fi kowa kawo mata aiki, suka ce za su ɗan yi shawara tukuna. Na riƙa ganin shagon shiru, fanka na juyawa ita kaɗai, na ce a raina horo ne, zai wuce.

Bayan an gama yankan dawa, wata Juma'a ina tsakar gida ina tsince wake, sai ga sallamar Asabe da mata biyu. Gaisuwar ma a gajarce ta yi ta. Ta ce wata mai saye daga Kaduna ta kira ta ta wanke ta tas, masu baje kolin nan kuma sun ce sun fasa. Sai ta miƙo mini waya, ta ce in duba da idona abin da ke fitowa in an buga adireshin da ke bayan faifansu.

Na riƙe wayar nesa da fuska, yadda nake yi in zan zura zare. Babu faifai, babu tabarma. Wasu abubuwa ne ke ta juyawa suna walƙiya, ga 'yan ƙwallo, ga wata mace rabin jikinta a waje tana riƙe da karta tana murmushi. Ni kuma, don Allah ya cika mini kunyata, sai na buɗe baki na ce, “Wannan wace ce a cikinku?”

Ɗaya daga cikin matan ta toshe baki da mayafi. Asabe ba ta yi dariya ba.

Ta ce, “Gidan caca ne, Iya. Ke kika ce suna ba ya tashi. To ga shi ya tashi, ya koma gidan caca, da sunan da Inna ta raɗa.”

Na nemi gyaran murya, ya ƙi zuwa. Aka aika aka kira takwara. Ta zo, ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta duba wayar, ta yi ajiyar zuciya. Sai ta yi bayani, ba ni take kallo ba, ƙasa take kallo. Ta ce sunansu nasu ne, ba mai raba su da shi. Abin da ake haya shi ne wurin da aka kafa sunan, inda baƙo zai zo ya same su. Kuma ba ita ke karɓa ba, masu kula da kasuwar ne can wata ƙasa. In ka bar wurin, duk wanda ya riga biya shi ke shiga, ya gaji masu zuwa nemanka.

Rumfa ke nan. Ni da na tsufa a rumfar daddawa, ni da na san in ka yi sakaci da haƙƙin sarkin kasuwa za ka zo ka tarar da mai barkono a wurinka, ni ce na tsaya gaban mata na ce suna ba rumfa ba ne.

Na ce, “Takwara, da kin ce mini rumfa, ai da na gane.”

Ta ce, “Na fara, Iya. Manya na magana.”

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya shige ni har ƙashi. Na kalli waken da ke gabana, na rasa wanne ne mai kyau wanne ne mai ƙwari.

Tsohon wurin bai dawo ba. Takwara ta nema, aka gaya mata abin da ko sun sayar da tabarmin shekara ba zai isa ba. Ta buɗe musu sabo, aka ƙara “na asali” a ƙarshen sunan, kamar masu maganin gargajiya. Dole aka warware ƙyallen da ke bayan kowane faifai aka ɗinka wani. Na je na zauna cikinsu gindin tsamiyar da allura, da idona da ba ya gani, na soke yatsa ya fi a ƙirga, ba wadda ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ni ma ban nema ba. Waɗanda aka riga aka sayar kuwa suna can gidajen mutane, duk wanda ya juya bayansu gidan caca za su kai shi. Baje kolin ya wuce ba su je ba. 'Yan wasan Tudun Wada sun kai aikinsu Kano, ba su dawo ba har yau.

Na bi kasuwa rumfa-rumfa ina warware maganata, amma na lura da wani abu: labarin mai sayar da inuwa kowa ya haddace shi, gyaran kuwa sai in faɗa yau gobe an manta. Har yanzu akwai mai wucewa ta gaban shagon ya ce ina mai hayar suna. Takwara takan yi murmushi ta ci gaba da aikinta. Ni ce nake sunkuyar da kai, don sunan da ake tsokana nawa ne, ni na ba ta, ni kuma na shafa masa baƙin tukunya.

Kwanan baya ina shagon, na ji tana gaya wa wani makaɗi a waya cewa za ta ɗora shi yau, gobe kowa ya iya sauke shi. Na ji gyaran murya ya taso mini tun daga ciki. Na haɗiye shi da ƙyar, na bari ta gama, na ce takwara, a ina za a ɗora bawan Allah, kuma wa zai sauke shi?

Ta yi dariya har da riƙe ciki, rabon da in ji wannan dariyar tun kafin walima. Ta jawo kujera kusa da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Waƙarsa ake nufi, ba shi ba.

Ashe tambaya ba ta rage furfura ko ɗaya. Na duba madubi na tabbatar.