Ƙashin Bayanmu

Ba zan taɓa mantawa da walimar sallamar Malam Sada ba, malamin da ya koya mana yaren asambuli a Dutsin-Ma, wato yaren da ake yi wa kwamfuta magana da shi kai tsaye. Zai yi ritaya ya koma gida Kurfi, sai 'yan ajinmu suka ce a haska masa saƙon godiya da majigi. Ni na ce a bar mini. Kuma ba haka kawai zan buga ba, da asambuli zan rubuta, a kan irin tsohuwar kwamfutar da yake koyar da mu da ita (ba wanda ya roƙe ni, neman suna ne kawai).

Ita wannan kwamfuta ba ta san harafi ba, sai lamba. Kowane harafi da lambarsa ta allo. Sai na haɗa makaro, ɗan guntun umarni da ke ɗaukar haruffa ɗaya bayan ɗaya yana mayar da su lambobin. Da na iso kan ƙ, na tarar ba ta da lamba. Ban tsaya wahala ba, na sa makaron ya riƙa mayar da ita k. Ai Bahaushe zai gane, in ji ni.

Ranar, zaure ya cika, har da dangin Malam daga Kurfi. Ashe mai gabatarwa wani malaminmu ne ɗan Kudu, wanda ya koyi Hausa a littafi, yana ba kowane harafi haƙƙinsa. Saƙo ya fito ɓaro-ɓaro, ya gyara murya ya karanta: "Malam Sada, kai ne kashin bayanmu."

Sai yayar Malam, wata Hajiya mai carbi, ta ce, "Wane marar kunya ne ya rubuta wannan?"

Ba ta buƙaci amsa ba. Sunana yana ƙasan saƙon, da manyan haruffa (wannan kam makaron bai kuskure ko ɗaya ba).

Malam ya kalle ni ta saman tabarau. "Yaro, makaronka ya yi aiki. Abin da ka ce masa ya yi."

Har muka gama makaranta ba a kira ni da sunana na yanka ba, kuma ba zan faɗi wanda aka sa mini ba. Yanzu ko sayen ƙosai zan rubuta, sai na duba ƙugiyar nan ta kan ƙ sau biyu.