Ranar da Safiya Ta Wanke Akuyar Malam Garba

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Alhamis a gindin darbejiyar makarantarmu, ranar da na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Shekarata ta farko ke nan da fara koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can wajen Ƙarfi. Na dawo daga kwaleji kaina cike da mafarki, sai na ƙirƙiro abin da na kira zaman karatu. In an tashi, 'yan aji biyar su tsaya rabin awa mu karanta labari, kowa kuma ya riƙe ɗan littafin da zai riƙa rubuta abin da ya gani a gida. "Ban da kwafa, ban da ƙari," in ji ni, ina ɗaga yatsa kamar wata tsohuwar marubuciya. "Ku fara kallo da kyau tukuna, sannan ku rubuta gaskiya tsagwaronta." (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo ta same ni har gida.)

Da damina komai lafiya lau. Da kaka ta shigo, masara ta bushe, waken soya na jiran hannu, sai iyaye suka fara ƙorafi. Rabin awa a lokacin girbi ba abin wasa ba ne. Jagoran masu ƙorafin shi ne Malam Garba, maƙwabcinmu katanga ɗaya, mai 'ya'ya biyu a ajina. Mutum ne da in ya ce a'a, rabin unguwa ta ce a'a.

Kuma dama akwai 'yar tsama tsakanin gidanmu da nasa. Makonni biyu kafin nan, Innarmu ta surfa masara, ta wanke, ta baza a tabarma, ta ce in tsare mata shanyar za ta je suna. Ta dawo ta tarar an yi wa masarar gibi mai kyau. Na ce mata akuyar Malam Garba ce ta tsallako katanga lokacin da na shiga ɗaki shan ruwa. Inna ta aika masa da magana mai yaji. Shi kuma ya yi ta rantsuwa cewa akuyarsa tsohon ciki gare ta, ko dakali da ƙyar take hawa. Ba wanda ya saurare shi. Akuyar kuwa, baiwar Allah, ta sha kumburin ciki, ta kuma sha ɗauri a turke.

Hedimasta ya kira ni ofis. "Malama, na kira taron iyaye ranar Alhamis. Ki shawo kansu da kanki. In sun ƙi, zaman karatu ya tashi."

Kwana uku ina tsara jawabi. Ranar taron na ci ado da mayafina mai ruwan sararin samaniya, maza a kan benci, mata a kan tabarmi, Inna a sahun gaba tana ji da 'yarta. Na ce littafi taga ce. Na ce zuciyar yaro gona ce da ke jiran ruwan farko. Na ce abubuwa da yawa, har ni kaina na ji tsigar jikina na tashi.

Malam Garba ya gyara murya. "Malama, mu ba mu ƙi karatu ba. Amma yaron da ya saba da littafi, in ka sa shi aiki, jikinsa na nan, hankalinsa na Funtua."

Nan ne fa shaiɗan ya hau harshena. Na dafa ƙirji na ce, "Baba, ni shaida ce. Tun tasowata nake karatu, bai taɓa raba hankalina da aikin gida ba, ko sau ɗaya."

Na ji Inna ta yi wani ɗan tari. Na basar.

Don in rufe bakin kowa, sai na kira Safiya, 'yar yayana, wadda muke gida ɗaya da ita, kuma babu kamarta a rubutu duk ajin. Dama tun ana gobe taron na ce mata ta zaɓi rubutunta da ya fi mata daɗi. Ban duba ba. (A lokacin ina da aƙidar cewa ba a yi wa marubuci katsalandan. Yanzu na sassauta.)

Ta fito da 'yar hijabinta, ta buɗe littafi, ta ɗaga murya kamar mai karanta labarai a rediyo.

"Ranar Asabar Inna ta tafi suna. Ta ce wa Gwaggo ta tsare shanya. Gwaggo ta ɗauko littafi. Ta buɗe ƙofar zaure wai iska ta shigo. Iska ba ta shigo ba. Akuyar Baba Garba ce ta shigo."

Na yi wuf na tari numfashinta. Na ce, "Safiya, ko za ki duba wani shafin?"

"A'a, bar ta!" in ji Malam Garba, ya matso bakin benci. "Ci gaba, 'yar albarka."

"Akuyar ta fara cin masara. Gwaggo tana kuka saboda wani ya mutu a cikin littafin. Ta miƙa hannu tana shafa kan akuyar ba ta duba ba, tana cewa, 'Kyanwa, kin ji abin da suka yi masa?' Akuyar ba ta ce komai ba, bakinta a cike yake. Ni ina kan gwaiba. Na so in kore ta, amma Malama ta ce marubuci ya fara kallo da kyau tukuna. Sai na kalla da kyau."

Jama'a, ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mata suka kife kan juna. Hedimasta ya rufe fuska da rajista, kafaɗunsa na rawa. Hular Malam Garba ta faɗi ƙasa bai ma sani ba. A cikin wannan hayaniya muryar Inna ta fito sarai: "Au! Katangar ke nan?"

Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, ina jin kunnuwana kamar an ɗora su a kasko. Na riga na yi wa zaman karatu ta'aziyya a zuciyata.

Da ƙura ta lafa, Malam Garba ya karɓi littafin Safiya, ya juya shi gaba da baya, yana share hawaye. "Mako biyu ina rantsuwa, ba wanda ya yarda da ni. Yau ga 'yar ƙanƙanuwa ta wanke akuyata da biro. Wallahi kamar ina wurin." Ya dubi hedimasta. "In haka ake koya musu, a bar su. A rage zuwa kwana biyu a mako har a gama girbi. Sharaɗina ɗaya: kada a sake ba Malama tsaron shanya."

Wata mata daga baya ta ce, "Ni dai yau 'yata Rabi sai ta karanta min nata kaf, kafin a tona min asiri a gaban jama'a!"

Haka kuwa aka yi. Abin da jawabina na kwana uku ya kasa, tsoron tonon silili ya yi shi a yini ɗaya. Yanzu da la'asar, in ka bi ta gidajen unguwarmu, za ka ji ƙananan muryoyi na karanta wa iyayensu rubutu, ana dariya, ana cewa, "Kai, goge wannan!"

Da yamman nan Inna ta tasa ni gaba har zauren Malam Garba na ba da haƙuri. Akuyar ta haifi tagwaye daga baya, yara suka raɗa wa ɗaya suna Kyanwa, kuma har yau in na wuce sai an tambaye ni ko zan gaisa da ita.

Ban fasa ce wa ɗalibaina su rubuta gaskiya ba. Sai dai na koyi abu biyu: a rufe ƙofar zaure kafin a buɗe littafi, kuma kafin ki yi ƙarya a tsakar gida, ki ɗaga kai ki duba kan gwaiba.