Yadda Na Ɗauki Makara a Ƙauyen Turawa

Ko zan manta da komai na zamana a Manchester, ban da Juma'ar nan ta hutun Ista. Matata Hauwa ba ta daɗe da isowa daga gida ba, ni kuwa na riga na naɗa kaina masanin Turawa. Kullum ina cikin yi mata bayani: ga yadda ake bin layi, ga yadda ake gaida maƙwabci. Ita dai sai ta ce, "To, Malam." Girman nan da nake samu ya fi mini albashin bincikena a jami'a daɗi.

Muna saukowa daga masallaci na ce mu bar hayaniyar unguwar Levenshulme, in nuna mata karkara. Ko kaya ban canza ba, ina cikin shadda da hula (ƙafa kuma sau-ciki, a ƙasar da taɓo bai ƙarewa). Muka isa wani ƙauye mai tumaki da katangun dutse, muka ajiye mota.

Can sai ga jama'a suna hawa tudu a hankali, kowa ya sunkuyar da kai, tsit. Maza sun saɓa wani dogon abu a kafaɗa, an lulluɓe shi da ƙyalle. Nan take na gane.

"Rasuwa aka yi," na ce wa Hauwa. "Kin ga su ma suna raka gawa da ƙafa."

Ta ja hannun rigata. "Malam, tsaya ka ji."

Ban tsaya ba. A garinmu ba a wucewa da makara namiji yana kallo, sai ka sa kafaɗa ko ba ka san mamacin ba. Na kutsa ta baya, na taɓa wani dattijo, ya yi murmushi ya ba ni wuri. Muka ci gaba da hawa. A raina ina cewa, wannan marigayi akwai tauri. Har na raɗa wa na kusa da ni da Turanci, "Sannunku da haƙuri. Ya daɗe yana jinya?" Mutumin ya dube ni da mamaki.

Da muka kai saman tudun ina neman kabari da ido, sai na ga ana ɗaga makarar tsaye. Aka yaye ƙyallen. Ashe ƙaton gicciye ne na katako. 'Yan Katolikan ƙauyen ne ke tattakin da suke yi duk Juma'ar Ista don tunawa da wanda suka yi imani an gicciye a ranar, ni kuwa ta gindinsa na shigo, ban ga hannuwan ba. Ga ni nan a tsakiya da hula, kafaɗa duk ƙura, kunya kamar in nutse.

Mutanen kirki ne, wallahi. Limamin cocin ya riƙe hannuna ya yi ta godiya. Wata tsohuwa ta miƙo mini burodi mai kirfa, ta ce ta ji tambayata. "Kada ka damu, ɗana," in ji ta, "mu a wurinmu ranar Lahadi zai tashi."

A mota Hauwa ta yi dariya har da hawaye. Sai lokacin na tuna a Kaduna ta girma, gidansu katanga ɗaya da coci.

"Don Allah kada maganar nan ta kai gida," na ce.

"Ba za ta kai ba. Amma lacca a kan Turawa ta ƙare daga yau."

Na amince, ba ni da zaɓi. Tun daga ranar, in na ga taro a ƙasar nan, kafin in miƙa kafaɗa sai na tambaya ko wa ya rasu.