Yadda Za Ki Sa A Fara Cinye Abincin Da Ke Jakarki

Kina da jakar goyo mai kilo goma sha bakwai, da kafaɗun mai zaman ofis, ga tafiyar kwana shida a tsaunukan Fagarash na ƙasar Romaniya? Kwantar da hankalinki. Bi matakan nan, kafin rana ta uku jakarki za ta koma kamar matashin kai. An gwada. Wadda ta gwada sunanta Otilia, da ita za mu riƙa misali.

Sharaɗin ɗaya ne: ƙungiyarku ta zama irin tamu, mai tara abincin tafiya wuri guda a raba wa jakunkuna, kullum a ciro na wani a dafa. Wanda aka fara cin nasa ya huta. Wanda aka bari ƙarshe, Allah ya ba shi lada.

1. San abin da kike gudu

Otilia ta yi wata takwas a birnin Sibiu bayan gama jami'a, ba wanda ya taɓa gayyatarta ko shan kofi, sai wannan ƙungiyar ta masu hawan dutse. Shugabansu, Kawu Ilarie, tsohon malamin makaranta ne mai ƙafafun akuya, kuma yana da doka. Rana ta uku ake isowa rugar masu tumaki, inda hanya ta ƙarshe ke gangarawa ƙauye. Duk wanda ya saba zuwa na ƙarshe, nan zai sauka ya nemi motar gida. Ba a korar kowa daga ƙungiya. Mantawa kawai ake yi a sake kiransa.

Ke nan ba ƙarfi ake nema a wurinki ba. A dai samu wani a bayanki.

2. Ranar rabo, ɗauki mafi nauyi

Sababbin shiga kan yi wawason abu mara nauyi. Bar su. Ke nemi abin da ke lalacewa. Otilia ta sunkuyar da kai ta jawo ɗanyen cuku, da tumatir, da burodi huɗu, da tuffa, da manyan kwalabe biyu na zakuska, miyar yalon nan da ba Baromaniyar uwar da ke barin ɗa ya fita daga gida ba tare da ita ba.

"Kai, yarinyar nan akwai zuciya," in ji Yaya Dorina, mai kula da abincin tafiya. "Ku ƙarti ba ku ji kunya ba?"

Traian, wani dogon saurayi mai yawan cewa "ba komai", ya iso a makare don ya tsaya taya direba sauke kaya. Ya tarar da abin da ya rage: wake kilo uku, garin masara, da kifin gwangwani goma sha biyu.

"Wake ba ya ruɓewa, kai kuma ba ka ƙorafi," in ji Dorina. "Kun dace."

Kowace ƙungiya tana da Traian ɗinta. In kin duba ba ki gan shi ba, ke ce.

3. Daure wa rana ta farko

Nan babu dabara, wahala ce zalla. Madaurin jaka zai ci kafaɗarki har ki fara tunanin laifin da kika yi wa iyayenki. Otilia ta hau tudun farko tana ganin duhu-duhu, kwalabe na ƙara a bayanta kamar tana tallan su. Ana dab da zango ta waiga, ta ga ba kowa a baya sai Traian, yana shirin wuce ta. Sai ya durƙusa ya hau ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba, har Otilia ta isa zangon.

In haka ta same ki, kada ki gode. Godiya amsa laifi ce.

4. Yi aiki da hanci

Mai kunya tana da makamin da masu surutu ba su da shi: in ta buɗe baki sau ɗaya a wuni, kowa gaskata ta yake yi. Kada ki ɓata shi a kan yabon furanni.

Da aka sauke kaya, Otilia ta buɗe jakarta kusa da Dorina, ta shinshina, ta ɗan yamutsa fuska, ta rufe.

"Lafiya, ƙanwata?"

"A'a, Yaya. Cukun ne. Wataƙila dai hancina ne."

Cukun lafiyarsa lau. Amma a yammacin nan aka cinye shi da tumatir da burodi biyu. Washegari da safe ta ce kamar murfin kwalba ɗaya ya fara kumbura, sai zakuska ta bi sahu. Kwalaben ma Dorina ta karɓe don zuba gishiri da sukari.

5. Ɓata sunan wake

Maƙiyinki shi ne duk wanda ke son a ci nasa. A rana ta biyu Traian ya iso zango rigarsa sharkaf, ya zube a kan ciyawa.

"Jama'a, don girman Allah ku ci wakena. Ni zan dafa, ni zan wanke tukunya."

"Tanti ɗaya muke kwana da kai," wani ya ce. "Ka ji tausayinmu."

Aka yi dariya, amma Dorina ta fara miƙa hannu wajen jakarsa. A irin wannan lokacin ake gane mai ilimi. Otilia ta dubi ƙasa, ta ce a hankali ta taɓa karanta cewa a saman dutse ruwa kan tafasa tun bai yi zafi sosai ba, wake zai iya cinye gas ɗin tafiya duka bai nuna ba. Da ɗan gaskiya a maganar. Ƙarya mai kyau dama da ɗan gaskiya ake kwaɓa ta.

"Kun ji amfanin jami'a," in ji Kawu Ilarie. "Mai da wakenka, ɗana."

Aka ci sauran burodinta. Tuffa kuwa ta bi kowa da ita har hannu, aka yi ta sa mata albarka.

6. Kada jaka ta tona ki

Sassauta igiyoyin gefe, bar bargon kwana ya kumbura ya cika wurin. In za ki goya, yi nishi. Kaɗan, ba irin na mai naƙuda ba.

7. Karɓi sakamako

Da hantsin rana ta uku Otilia ce ta biyu da ta iso ruga, karnuka na haushi, ita kuwa numfashinta daidai. Ta hango tudun da za a hau bayan an ci abinci, ta ji karo na farko a wata takwas cewa tana cikin mutane. Sai bayan rabin awa Traian ya bayyana yana ɗingishi.

Kawu Ilarie ya naɗe masa wando, ya latsa gwiwar. Ta cika kamar ƙullin burodi.

"Nan za ka sauka."

"Kawu, zan iya."

"Za ka iya faɗo mini daga dutse, na sani. Sauka." Ya juya. "Ba na sakin mutum shi kaɗai cikin daji da ƙafa ɗaya da rabi. Dorina, jakar wa ce ba ta ɗauke da abin da muke buƙata?"

Dorina ba ta ko yi tunani ba. "Ta Otilia mana. 'Yar albarka, ta ciyar da mu tas."

"Yaya, a ba ni kayansa in ɗauka!" Muryar Otilia ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba. "Har waken."

"Gwangwani da gari mun raba tsakaninmu. Waken kuwa naki ne, ki kai shi gida, tunda ba ya nuna a sama."

Kawu Ilarie ya dafa kanta. "Ki kula mana da shi, 'yata. Za mu kira ki."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin gwiwar kowa ba, ko wayar da ba ta yi ƙara ba. Musamman ba ruwanta da awa biyar ɗin da za ki yi kina gangara, wake a baya, hannun mutum a kafaɗarki, shi kuwa yana ta maimaitawa: "Ki yafe mini, Otilia. Duk ƙoƙarin da kika yi, ni na ɓata miki tafiya."